Layin Ruwa

Shekara arba'in kakana Eleuterio
yana ja wa jiragen masunta layin ruwa
a gaɓar Valparaiso:
ja a ƙasa, shuɗi a sama,
farin zare a tsakani, ba igiya, ba ma'auni.
Yanzu ko cokali sai ya yi gardama da shi
kafin romo ya kai baki.

Daren Talata, a ɗakinmu na kan tudu
inda iskar teku ke kaɗa kwanon rufi,
na rubuta masa 'yar manhaja, umarni talatin da 'yan kai:
in an danna linzami, a ɗiga ɗigo inda kibiya take.
Na rufe kwamfuta, na ɗauka na gama.

Da safe ya ɗora tafinsa a kan linzamin
kamar mai shafa kyanwar maƙwabta,
ya ja.
Ɗigo nan, ɗigo can, fili a tsakani.
Ya gyara tabarau ya ce, Maite,
wannan ai yayyafi ne. Ina layin?

Ashe na'ura ƙifta ido take yi.
Ta duba, ta ga hannu a nan,
ta sake dubawa, ta gan shi a can,
abin da ya wakana a hanya ba ta da labari.
Sai na ba ta gurbi biyu, na ce riƙe:
nawa daga hagu, nawa daga sama
(ita daga kusurwar sama take ƙirga duniya,
gangarowa ce ƙaruwa a wurinta).
In sabon wuri ya zo, haɗa shi da tsohon,
sannan sabon ya gaji kujerar tsohon.

Layi ya fito.
Ya zana cikin jirgi, ya ɗaga yatsa,
ya haura can sama zai sa tsuntsun teku,
sai ga wani dogon layi ya tsaga allon
daga wutsiyar jirgi zuwa fiffiken tsuntsu,
kamar an kamo shi da ƙugiya.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Na koya mata riƙo, ban koya mata saki ba.
Umarni ɗaya na ƙara:
in yatsa ya tashi, ki manta.

Kuskure na uku ban yi shawara da kowa ba.
Yana barci na sa ta tara ɗigo takwas na baya
ta raba su daidai,
ta bi rawar hannun da guga.
Washegari layinsa ya fito sumul,
yana biyo kibiya a baya kaɗan, cikin ladabi.
Ya daɗe yana kallo.
A ƙasa jirgin kaya ya yi kuka sau biyu.
Ya janye hannu ya ajiye a cinya,
ya ce, hannun wa ke nan?
Ban san shi ba. Mayar mini da nawa.

Na goge umarni shida, yana tsaye a kaina.

Yanzu bayan shayin yamma yakan zauna.
Jirgi ɗaya yake zanawa kullum,
ya rubuta Clotilde a goshinsa,
sunan kakata, harafi bayan harafi,
yana ɗaga yatsa a tsakani, na'ura tana mantawa,
shi ba ya mantawa.
Layin ruwan yana karkarwa daga kai har wutsiya.
Jiya na ce, Kaka, ya karkace.
Bai juyo ba. Da haɓa ya nuna mini taga,
ya ce, leƙa.
Yaushe rabonki da ganin teku ya kwanta a miƙe?