Daji Mai Gambu

An ce daji ba shi da gambu.
Wanda ya faɗa bai zo Montana ba,
bai tsaya gabas da Lewistown da sanyin asuba
ya ga sarƙa da kwaɗo a bakin hanyar
da ubana Orval ya bi shekara talatin da ɗaya ba.

A zamaninsa gaisuwa ce kuɗin shiga.
Ya ƙwanƙwasa wa tsoho Delbert Haugen ƙofa,
su sha kofi a tsaye, a tambayi lafiyar shanu,
in ƙanƙara ta narke ya koma taya shi ɗaurin shinge.
Cinyar barewa ɗaya a kan tebur, an biya.

Ƙasa ta rufe idon Delbert, ta rufe na ubana.
Mabuɗi ya koma hannun ɗansa Royce,
shi kuma ya ba wani kamfani haya.
Na buga waya, murya mai laushi ta ce:
kwana biyar, dala dubu huɗu da ɗari biyar,
da jagora, da abinci, da gado mai ɗumi.
Na ce na gode.

Ni mai walda ne.
Na baje takardu da dare, na haɗa, na raba,
sai ga rufin ɗaki da ke yoyo ya zo ya zauna,
kuɗin gas na hunturu ya ja kujera.
Marnie na ɗaka tana goge bindigar kakanta,
shekararta goma sha uku, wannan ce fitarta ta farko.

Muka nufi dajin gwamnati, dajin kowa.
Akori-kura goma sha bakwai na ƙirga a bakin hanya,
kowane tudu da mai rigarsa ruwan lemo
kamar an watsa garwashi a kan farin zane.
Kwana uku muna sassarfa.
Sawu muka gani, da kashi, da kwankon harsashin wani.

Rana ta huɗu muka wuce inda masu mota ke juyawa,
ƙafa ta mutu, hanci na tsiyaya,
sai ga shi, namiji, ƙaho ya yi rassa,
taku ashirin daga waya, ta ɓangarenmu.
Ta durƙusa. Ta ja numfashi yadda na koya mata.
Ƙarar ta tafi, ta dawo.

Bai faɗi ba.
Ya tattara sauran ransa ya tsallake shinge,
ya je ya kwanta a ƙasar dala dubu huɗu.

Waya huɗu ce kawai, ko ɗan maraƙi ya ratsa.
Marnie ta dube ni. Babu kowa sai hankaka.
Na laluba aljihu, na nemo lambar
da na rantse ba zan sake kira ba.

Royce ya zo a kan babur mai ƙafa huɗu,
ya tsufa fiye da yadda na zata.
Ya dubi jinin, ya dubi inda ta durƙusa,
ya ce, wa ya harba? Ta ɗaga hannu.
Ya dubi bindigar ya daɗe.
Ya ce, na san wannan ƙotar, ubana ne ya ɗaure ta.

Ya taka waya da takalminsa muka ratsa.
Muna ja yana magana, ba da ni ba, da ƙasa:
fari shekara uku, banki, haraji,
ba don baƙin nan ba da tuni an yanka gonar filoti.
Ban ce komai ba. Ƙahon na da nauyi.

Da muka gama Marnie ta zaro wuƙa,
ta cire cinya ɗaya ta miƙa masa.
Ban taɓa ba ta wannan labari ba.

Ya karɓa. Bai ce mu dawo baɗi ba.
Muna hawa tudu na ji ƙarar kwaɗo a bayanmu.