Gadar da ke Cin Hotuna

Hawa na huɗu, birnin Cluj, ƙarfe biyun dare.
Taragon ƙarshe ya wuce tun ɗazu.
Saura ni, da Horațiu yana gyangyaɗi a kujera,
da na'urori tara suna huci kamar sun yi tsere.

Aikina ke nan: in haye gada ɗaya
sau ɗari uku
a cikin wasan da bai fito kasuwa ba.
An yi wa duniya alkawarin hoto sittin kowace daƙiƙa.
A kan tudu alkawari yana cika.
Amma da jarumin ya taka gadar nan
sai lamba ta sulale,
arba'in da ɗaya, talatin, sha tara,
gudu ya koma ɗingishi,
takobi ya tashi, ya tsaya a sama yana shawara,
allo ya tsage biyu,
kan mutum ya riga ƙafarsa isa.

Na rubuta: matsala ta dubu biyu da ɗari bakwai da sha huɗu.
Jiya ma na rubuta. Haka ran Talata.

Laifin ruwa ne, in ji Smaranda mai zana haske,
ta faɗa tana kallon ƙasa.
Wata bakwai ta yi tana koya wa kogin nan
yadda zai ɗauki fitilun gari ya karkaɗa su.
Kwamfutar ofis, mai kuɗin mota, ta ɗauka ba gardama.
Akwatin wasan da ke falon mutane kuwa,
irin wanda ɗan yayata Tiberiu
ya tara wa kuɗi shekara guda yana wanke kwanuka,
fankarsa ihu take yi,
jikinsa ya yi zafin da za a gasa burodi.

A ƙarƙashin gadar akwai wani tsoho mai fatsa.
Fuskarsa ba ta zuwa da wuri.
Daƙiƙa uku sai ido biyu da haƙora
suna shawagi a iska,
kafin fata ta iso a makare
kamar baƙon da ya ɓata hanya.
Da fari tsoro yake ba ni.
Yanzu ina ce masa barka da dare.

Ran Juma'a aka yi zama.
Saura kwana goma sha ɗaya, in ji Horațiu,
ranar fitowa ba ta matsawa.
A zuba hazo a kan kogin, ya rufe nesa.
A kashe madubin ruwa.
A rage ciyawa rabi.
Tsohon nan me yake yi wa labari? A cire shi.
Abin da ya saura, faci zai biyo baya.

Na sake hayewa.
Hamsin da takwas. Sittin. Sittin. Sittin.
Santsi kamar an shafa wa gadar mai.
Aka tafa, wani ya buɗe kwalba.
Smaranda ta ce za ta sha iska,
ta bar rigar sanyinta a kujera, awa guda ba ta dawo ba.
Na leƙa ƙarƙashin gadar:
dutse ne kawai, da wurin zama.
Na rufe matsalar da hannuna. An gyara.

Da asuba na taka zuwa gida ta kan Someș.
Hazo na gaske ya sauko, ba wanda ya zuba shi.
Kowace fitila tana rawa a cikin ruwa,
kowane ganye da inuwarsa,
ba abin da ya sandare, ba fankar da ta yi kuka.
Wani mutum yana jefa fatsa daga bakin siminti,
fuskarsa cikakkiya tun daga nesa.
Duk da haka idona ya tafi kusurwar sama ta hagu
yana neman lamba.

Waya ta girgiza a aljihu.
Tiberiu ne, bai yi barci ba:
Zai tafi lafiya a nawa?

Na daɗe a tsaye, yatsuna sun ƙage don sanyi.
Zai tafi, na rubuta.
In ka zo gada, kada ka tsaya kallon ruwa.