Rufin Ɗakin Goggo Hakama

Ni mai zanen bayan mota ne a tashar Sinja.
Zaki na iya, da ɗawisu, da takobi biyu a gicciye.
Dare kam ban taɓa zana shi ba.

Sai da ƙafafun Goggo Hakama suka ƙi ta,
aka shigo da gadon igiyarta daga tsakar gida.
Shekara tamanin tana kwana sama na kallon ta,
yau sai kwano, mai tudu da kwari, mai tsatsa a haƙarƙari.
Ta ce, "Ɗalha, an rufe ni tun ban mutu ba.
Buɗe min."

Na kwaso ragowar shuɗin motar Alhaji Barmo,
na dama da baƙin da ake yi wa taya kwalliya,
na hau kan durom, wuya a karye,
fenti na ɗiga min a gemu.

Daga bango na faro, can ƙasa:
kogin Nilu kwance kamar saniya mai tuƙa,
kwalekwalen Jibo a kife bakin gaɓa,
dammunan riɗi an jingine su suna shan iska,
injin ban-ruwa, wanda tarinsa ya ƙi zanuwa,
da fitila ɗaya tak a bayan gonar albasa,
ta mai gadi ce, ko ta ɓarawo, ban tantance ba.
Mai Wurno ke nan in ta yi barci.

Sannan na hau sama da farin fenti.
Ɗigo, taku ɗaya, ɗigo.
Ɗigo, taku ɗaya, ɗigo.
Har la'asar ina jera su, ina jin kaina gwani.

Goggo ta buɗe ido ɗaya, ta yi dariyar da ta zame mata tari.
"Wannan ai audugar Jazira ce, layi-layi.
Wa ya ce maka da igiya aka shuka sama?
Yafa aka yi, yaro, kamar irin riɗi,
wani wuri cunkus, wani wuri fako."

Na shafe. Yini guda ya tafi a banza.

Washegari na ajiye buroshi,
na tsoma tsintsiyar laushi a gwangwani,
na yarfa,
na sake yarfawa,
har da goshin Goggo ya samu taurari uku.
Ba ta goge ba.

Da sandarta take nuna min:
"Zara can, kusa da wata, kada ka raba aure.
Kaza nan, da 'ya'yanta a tattare.
Nawa ka sa? Bakwai?
Rage ɗaya. Shida nake gani tun rasuwar Sa'adu.
Gamzaki kuwa kai shi gabas, saitin ƙafata.
Shi uwata ta bi da ni a goye tun daga Katagum,
Makka aka nufa,
guzuri ya ƙare a bakin ruwan nan,
muka ce bari mu noma damina ɗaya."

Damina ɗayar ce har yau ba a gama girbe ta ba.

Da magariba na sauko, kafaɗa kamar an sare,
ɗaki na warin kananzir da gahawa.
Saura wata 'yar huda, gurbin ƙusa,
na ɗebo ƙaro zan toshe.
Ta ce, "Bar ta."

Aka kashe fitila.
Nawa duka suka yi shiru, fenti ne, ba su san dare ba.
Sai ta hudar nan, can ƙuryar yamma,
wani ƙarami, ba shi da ko suna,
ya leƙo
yana ƙifta ido.

"Ka ga wancan?" in ji ta.
"Shi kaɗai ka iya."