Marinar Ƙasan Bene

A ƙasan bene, a birnin Sent Fol,
kusa da injin wanki na kafa marina:
durom ɗin roba guda,
muciya daga sandar tsintsiya,
da shunin da ya tsallake kwastan cikin safa.

Rijiyar kakana Tanimu a Kura gaba uku ce.
In ya haɗa baba, har ƙudan unguwa sun sani.
Ni toka ma roƙo nake a murhun maƙwabci,
in tankaɗe ƙusoshi.

Disamba ta shigo, ruwan ya mutu.
Ba kumfa, ba wari.
Na tsoma farin ƙyalle, ya fito
kamar wanda ya je gaisuwa bai tarar da kowa ba.

Sai ga Kiya, tsohuwar hawa na biyu,
'yar ƙabilar Mong daga duwatsun Lawos,
ta sauko da kwandon wanki.
Ta tsaya. Ta shinshina.
Ba ta jin Hausa, Turancinmu kuma duk gurgu ne.
Ta tsoma yatsa ta kai harshe,
yadda Tanimu ke yi,
har da yamutsa fuskar.

Ta hau, ta dawo da bargo,
ta naɗe durom kamar bakwaini.
Ta zuba ruwan shinkafa mai tsami,
na jefa dabino uku,
kowa da sirrin gidansu.
Ta buɗe min tafinta:
zanen hannun ya riƙe shuɗi
tun kafin ta haye kogi da goyo.

Kwana tara muna leƙe.
Ran na goma kumfa ta taso,
wari ya hau matakala har ɗakinmu.

Nusaiba ta sauko tana toshe hanci:
"Baba, shuɗi fa ana sai da shi a kwalba."
Baba take ce min,
ba ta san sunan ganyen ke nan ba.

Na miƙa mata farin ɗankwalinta.
Ta tsoma da yatsa biyu, ta ɗago shi kore shar.
"Ya ɓaci!"
Kiya ta riƙe wuyan hannunta, ta girgiza kai.
Muka tsaya mu uku, injin wanki na ta juyi,
iska na bin zaren ɗaya bayan ɗaya
har kore ya sallama.

Na ce a raina, da ma za a rina.

Ran Litinin ta ɗauki jaka za ta makaranta.
Na ga faratanta.
Sabulu na nan inda na ajiye shi, a bushe.