Muryar Baffa a Kan Ruwa

Na ɗaure jirgina a gaɓar Mai Wurno,
na hau motar Sinnar
da kuɗin fito na wata uku cikin aljihun jallabiya.
Injina mai baki ne. In ya fara surutu
ko tsawa sai ta jira ya gama.

Shagon Mu'utasim, kwalaye har rufi.
Ya sauko da wata baƙa mai fitilu shuɗɗa:
"Wat dubu uku! Har Singa za a ji ka."
Na ɗaga ta da hannu ɗaya,
ko tarwaɗa ta fi ta nauyi.
Kwali dai ba ya jin kunyar ƙarya.

Batirina ɗaya ne tal.
Shi ke ta da inji, shi ke riƙe fitila
in magariba ta same ni a tsakiyar kogi.
Mai haɗama ba ta shiga jirgina.

Na tambayi raɓa, na tambayi tsatsa,
ko bayanta zai jure zafin azahar,
fiyus nawa, waya mai wane kauri,
ko za ta zauna lafiya da sifikun nan biyu
da Jatau ya bar mini jingina, bai dawo ba.

Ya ce a gwada da kiɗa. Na ce a'a.
Na fito da tsohon kaset,
saƙon da Baffa Ilu ya aiko daga Sakkwato
tun ban iya riƙe filafili ba.
Babbar ta mai da shi aradu,
gaisuwarsa ta dagule kamar ruwan damina.

Sai ga wata ƙarama a ƙasan kanta, duk ƙura,
haƙarƙarinta na ƙarfe, ƙofofinta a toshe da roba.
Aka jona.
Na ji tarin Baffa.
Na ji zakara a bayansa,
da wata mata tana cewa a rufe ƙofa.

Ban yi ciniki sosai ba, kunnena ya riga ya saya.

Da asuba na ɗaure ta ƙarƙashin benci,
inda feshin ruwa ba ya kai.
Na sa mahaifina a gaba, shi da sandarsa
da kunnen da ya daina jin kiran jikoki.
Inji na ta haushi. Na murɗa kaɗan.

"Ina gajiya, Tanimu? Yaya ruwa?"

Tsoho ya gyara hula,
ya dubi gabas, ya dubi yamma,
ya ce, "Ruwa ya yi gyara, Yaya.
Ka daɗe ba ka yi magana ba."