Ƙarfen da Ba a Gani

Tun daga gangaren Dadin Kowa na ji ta,
sitiyari na rawa a tafin hannuna
kamar haƙorin da ya gaji da dasashi.
In na karya dama, sai ta yi shawara tukuna
kafin ta bi.
Kwando arba'in na tumatir a bayana,
da Manu yaron mota yana gyangyaɗi a kansu.

A Tashar Dukku, ƙarƙashin rumfar kwano,
Usta Gidado bai tambaye ni komai ba.
Ya shimfiɗa kwali, ya sulale ƙarƙashinta a rigingine,
ƙafafunsa kaɗai a waje,
silifa ɗaya shuɗi, ɗaya baƙi.
"Karkaɗa," in ji shi. Na karkaɗa.
Ƙwas. Ƙwas.
"Sake."
Sai shiru, irin na likita mai duba hoton ƙirji.

Noti uku suka fito da lallami.
Na huɗu ya ƙi, tsatsa ta aure shi,
sai da ya sha kananzir, ya sha guduma,
aka zura bututu a wutsiyar sifana
mutum biyu suka rataya a kai.

Ga shi nan a ƙasa.
Bai kai faɗin tafi biyu ba,
kunnuwa biyu, ramin kusa huɗu,
amma shi ke rungume rak da jikin shasi,
shi ke kai saƙon hannuna wurin taya.
Tabon walda uku a wuyansa, duk na san su.
Na farko Kumo, shekarar da aka haifi Dudu.
Na biyu Bajoga, cikin dare, da fitilar waya.
Na uku kuwa, kuɗin sabo na aljihuna ranar,
asibiti ya riga shago karɓa.

"A sake ɗinke shi," na ce,
"ga Iliya mai walda can bayan masallaci."

Gidado ya tofa yawu a kan tsagar,
ya goge da babban yatsa, ya ɗaga wa rana.
Haske ya ratso ta ciki, siriri kamar zare.
"Bappayo, wuta ta riga ta shanye masa ɓargo.
Kai wa Iliya in ka so.
Amma ba hannuna zai ɗaura shi ba,
don ni ke wanka da gawa a unguwarmu."

Na yi fushi har wajen la'asar.
Tumatir ya soma hawaye ta gindin kwando,
na lissafa, na sake lissafawa,
sannan na tafi shagon Emenike
na bar masa ribar tafiya biyu.

Sabon ya zauna daram.
Gidado ya ɗaure kusoshin a giciye,
wannan kaɗan, wancan kaɗan,
ya shafa giris, ya ce in dawo bayan mako
a sake taɓa su, ƙarfe ma sai ya saba da wuri.

A kwanar Tumfure na karya hagu,
ta bi ni kafin in gama nufi.
Ban san tun yaushe kafaɗuna ke ɗaure ba
sai da suka sauka.

Tsohon yana tsakar gida yanzu.
Dudu ta kifa shi kusa da randa,
ta ɗora gwangwanin madara a kan kunnuwansa,
tana dafa mana tuwon ƙasa.