Rabin Ƙwaya

Da reza nake raba ƙwayar hawan jini,
rabi yau, rabi gobe in da rai.
Gyaran da na yi wa doka ke nan
tun kafin su fara nasu a Yamai.

Rediyon Arzika na jingine da buta
a gindin bedi, bayan tashar Tawa.
Wani mai taushin murya ya ce asusu ya rame,
tsofaffi sun yi yawa, kuma suna daɗewa.
Ba haka ya faɗa ba, da Faransanci ya naɗe ta,
amma shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya,
nakan san nauyin wasiƙa tun ban buɗe ba.

Arzika ya ce a ƙara yanka a albashin yara,
mu ma an yanki namu, ba wanda ya ce mana sannu.
Bizo ya dire kofi.
Ɗansa malamin lakwal ne a wani ƙauyen Kaita,
baki tara ke jiran ƙarshen watansa.
Me za a yanka, in ji shi, a jikin ƙashi?
Suka ɗaga murya har mai tireda ya leƙo.
Haƙora bakwai suka rage musu su biyu,
da su suka yi ta tauna gardama har la'asar.

Sai ga Hajo da kwandon albasa a ka,
ta tsaya shan inuwa, ta saurara, ta ce:
Ku dai kuna da takardar da za a gyara.
Ni shekara arba'in ina duƙe a fadama,
gwiwata ta biya haraji, wa ya rubuta?
Akuyata ce katina.
In ciwo ya tashi, ita kasuwa, ni asibiti.

Ba wanda ya tanka.
Shayi ya tafasa ya zube a garwashi.

Rediyo ya ce za a kafa kwamiti,
zai zauna bayan damina.
Sannan aka sa kiɗa.

Takardar magani na cikin hulata, ninki huɗu,
gumi ya cinye sa hannun likita.
Jikka tara, in ji yarinyar farmasi,
ta sunkuyar da kai, don ni na kai wa uwarta
wasiƙun ubanta daga Abijan.
Ban ce a ɗora ni a wuyan ɗan Bizo ba.
Ban ce a mance da Hajo ba.
Lissafin ya fi ƙarfina, na yarda,
sai dai wanda ke yin sa
ya zo ya riƙe rezar nan sau ɗaya.

Daren jiya hannuna ya yi rawa,
ƙwayar ta marmashe a kan tabarma.
Na kunna tocila, na jiƙa yatsa da miyau,
na bi ta ɗiga ɗiga, har da 'yar ƙasa.